Kofi 24 na yau da kofi 11 na jiya: a fili ɗaya aka ci su?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗe shi. Duk ranar da aka tayar da maganar gwanin gwanaye a wasan tanis, sai yaran nan su jero mana lissafin kofunan manyan gasa huɗu na duniya: Djokovic 24, Nadal 22, Federer 20, Sampras 14, Borg 11, Laver 11, wai shi ke nan magana ta ƙare. Ni kuwa ban yarda da wannan lissafin ba, don ba a fili iri ɗaya aka ci kofunan ba. A 1969 da Rod Laver ya haɗa manyan gasa huɗu a shekara guda, uku daga ciki a kan ciyawa aka buga su: Ostareliya, Wimbledon da Amurka. Faransa ce kaɗai jar ƙasa. Yau ciyawa ta rage a Wimbledon kawai, biyu sun koma daɓe. Abin da ya fi damuna ma shi ne filayen yanzu launinsu ne ya bambanta, amma wasa iri ɗaya ke ci a ko'ina. Ku duba 2025. Alcaraz da Sinner ne suka buga wasan ƙarshe a Faransa, su ne a Wimbledon, su ne kuma a Amurka. Jar ƙasa, ciyawa, daɓe, mutum biyun nan dai. A zamanin Sampras ko a mafarki ba ka ga haka ba. Bisimilla, ina sauraron ku.

Nura Rafa: Wa alaikumus salam Baba. Da girmanka, amma in filayen ɗaya ne, me ya sa Nadal ya ci kofi 14 a Roland Garros, wato gasar Faransa, ya ci biyu kacal a Wimbledon? Me ya sa Federer ya ci takwas a Wimbledon, ɗaya tak a Faransa?

Abdul Nole: Tambayar da zan yi ke nan, ka riga ni.

Malam Sabi'u: Nura ɗana, ban ce bambancin ya mutu ba, na ce ya ragu. Nadal ɗin da kake kira sarkin jar ƙasa sau biyar ya kai wasan ƙarshe a Wimbledon: 2006, 2007, 2008, 2010, 2011. To nemo mini takwaransa na shekarun 1990. Thomas Muster ya ci Roland Garros a 1995, ya hau lamba ɗaya a duniya a 1996, amma har ya ajiye raket bai taɓa cin wasa ko ɗaya a Wimbledon ba. Ba kofi na ce ba fa, wasa ɗaya. Sampras kuma, mai kofin Wimbledon bakwai, iyakar abin da ya yi a Faransa shi ne wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Ivan Lendl har ƙaurace wa Roland Garros ya yi a 1990 don ya zauna ya koyi ciyawa, ga shi ya kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 1986 da 1987, amma kofin bai taɓa shiga hannunsa ba. Mutane ne da suka isa, fili ne ya hana su.

Koci Ɗanladi: Malam ya kama wani abu, amma bari in ɗan warware yadda filayen suke, don akwai waɗanda a talabijin kawai suke ganinsu.

Jar ƙasar Roland Garros ba ƙasa ba ce irin ta gona. Tsakuwa ce a ƙasa, sai daskararren farin dutse da aka niƙa aka daddaɓe, sannan a barbaɗa garin jan bulo a sama, siriri ƙwarai, kamar milimita biyu. Idan ƙwallo ta sauka sai ta ciji garin nan, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. Shi ya sa sabis mai ƙarfi ba ya kashe mutum a can, kuma mai murɗa ƙwallo irin Nadal yake aika ta har kafaɗar abokin karawa. Ni a jar ƙasa na koyi wasa, kuma aikin farko da aka ba ni ba raket ba ne, tiyo ne. Ka yayyafa ruwa da asuba, ka ja buhu ka share sawun jiya, ka bi layi da tsintsiya. In ka yi sakaci rana ta buɗe, filin ya bushe, yaro zai zame ya kasa tsayawa. Safa fara kuwa sai dai ka haƙura da ita.

Ciyawa akasin haka ce. Ƙwallo tana sulɓewa, ba ta tashi sosai, wani lokaci ta faɗa inda ciyawar ta tsige ta kauce. Don haka mutanen da suka ga ba riba a bar ta ta taɓa ƙasa: ka buga sabis, ka ruga raga, ka tare ta a iska. Daɓe kuma kwalta ce ko siminti da aka shafe da fenti mai kauri, kuma yawan yashin da aka zuba a fentin ne ke yanke saurinsa. Yashi da yawa, fili ya yi nauyi. Wato masu gasa suna iya zaɓar irin wasan da suke so a gani tun daga bokitin fenti.

Abdul Nole: To Koci, wa ya taɓa ciyawar Wimbledon? Ai ciyawa ciyawa ce.

Koci Ɗanladi: An taɓa ta. A 2001 suka canza irin da suke shukawa. Da gauraye ne, kashi 70 na wani iri, kashi 30 na wani, sai suka koma iri guda mai jure tattaki. Tsayin dai milimita takwas ake aske ta. Su masu filin sun ce don ta kai ƙarshen mako biyu ba ta mutu ba suka yi, ba don rage gudu ba. Amma ƙasar da ke ƙarƙashi ta ƙara tauri, ƙwallo ta fara tashi sama tana kuma tashi daidai. Wanda ke tsaye a layin baya ya samu sararin da bai taɓa samu ba. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: ku nemo hoton babban filin a ranar wasan ƙarshe na shekarun 1980. Za ku ga ciyawa ta tsige a layin baya, sannan ga wata hanya ta miƙe tsakiya har kusa da raga, inda ƙafafu suka yi ta bi. Ku nemo na bara. Layin baya ya zama ƙasa tsirara, gaban raga kuwa kore shar kamar ba a taɓa taka shi ba.

Malam Sabi'u: Allah ya saka, Koci. Kuma ku lura da yadda abin ya juya cikin shekara ɗaya. 2001 Ivanisevic da Rafter ne a wasan ƙarshe, duka masu rugawa raga. 2002 sai ga Hewitt da Nalbandian, daga layin baya suka yi wasan kusan gaba ɗaya.

Nura Rafa: Amma Baba ai gara haka. Na kalli wasan ƙarshe na 1994, Sampras da Ivanisevic, 7-6, 7-6, 6-0. Sabis, maki. Sabis, maki. Wallahi barci ya ɗauke ni. Wa zai sayi tikiti don wannan?

Malam Sabi'u: Wannan wata muhawarar ce. Ni ba daɗin kallo nake magana ba, lissafin kofi nake magana.

Anti Bilki: Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa, na ga kamar maza kaɗai ke buga tanis a wannan zaure. Malam Sabi'u, maganarka tana da ƙarfi, amma ka tsaya a rabi. Ba fili kaɗai ke lalata lissafin ba, har da gasar da mutane suka ƙi zuwa ko aka hana su. Chris Evert ta ci wasa 125 a jere a jar ƙasa, daga 1973 zuwa 1979, sai da Tracy Austin ta tsayar da ita a birnin Rum. Nura, naka gwanin Nadal 81 ya yi kafin Federer ya tare shi a Hamburg a 2007, ka riƙe wannan. To a tsakiyar waɗannan shekaru, 1976, 1977 da 1978, Evert ba ta je Roland Garros ba sam, tana can tana buga gasar ƙungiyoyi ta World Team Tennis a Amurka. Duk da haka kofi bakwai ta ci a Faris. Wa zai iya cewa nawa za ta ci da ta je?

Sai kuma Margaret Court da 24 ɗinta da ake ta auna Serena da shi. Guda 11 a gida ta ci su, a Ostareliya, bakwai a jere daga 1960 zuwa 1966, lokacin da yawancin manyan 'yan wasan Turai da Amurka ba sa yin wannan doguwar tafiya. Ba raina ta nake ba, ta haɗa huɗun a 1970. Amma 23 na Serena duka bayan 1968 aka ci su, shekarar da aka buɗe manyan gasa ga masu wasan kuɗi, wato a gaban kowa da kowa.

In kuma ana neman wadda ta haɗa huɗu a shekara guda a kan filaye uku daban-daban, Steffi Graf ce a 1988, ta ƙara da zinaren Olamfik a Seoul. A shekarar ce ma Ostareliya ta bar ciyawar Kooyong ta koma daɓe.

Nura Rafa: Anti kin zo da takobi.

Malam Sabi'u: Hajiya, ai ƙarfafa ni kika yi. Borg sau ɗaya ya taɓa zuwa Ostareliya, a 1974. Connors sau biyu. Agassi bai fara zuwa ba sai 1995, kuma zuwansa na farko ya ɗauki kofin. Daga 1977 zuwa 1985 a watan Disamba ake yin gasar, dab da Kirsimeti, kuɗin ba yawa, tafiya ga nisa. Connors a 1974 ya ci uku, duka a ciyawa, Faransa ta hana shi shiga saboda ya sa hannu da waccan gasar ƙungiyoyi da kika ambata. Laver kuma shekara biyar cur, 1963 zuwa 1967, ba shi da izinin shiga manyan gasa don ya koma wasan kuɗi. Yana yawo gari-gari ana shimfiɗa musu tamfol a kan katako ko kan filin ƙanƙara suna bugawa. Gasa 20 ke nan suka wuce shi yana kan ganiyarsa.

Abdul Nole: Duk na ji. Amma ku bar ni in kare nawa. Idan filaye sun matso kusa da juna, to ga kowa suka matso, ba ga Djokovic kaɗai ba. Da can sarkin jar ƙasa yana faɗuwa a zagayen farko a Wimbledon, sai hanya ta buɗe wa mai ciyawa. Sampras bai taɓa damuwa da Muster ko Bruguera a Landan ba. Shi kuwa Djokovic duk inda ya juya, Federer da Nadal na tsaye a bakin ƙofa, Ostareliya ne, Faris ne, Landan ne, New York ne. Wanne ya fi wuya? Ka yi sarauta a unguwarku, ko ka yi ta kokawa da ƙarti biyu a kowane gari? Kuma ya ci kowace babbar gasa aƙalla sau uku: Ostareliya 10, Wimbledon 7, Amurka 4, Faransa 3. Wasa huɗu kacal Nadal ya taɓa rasawa a Roland Garros cikin 116, biyu a hannun Djokovic ne, 2015 da 2021.

Nura Rafa: Sauran biyun Soderling a 2009 da Zverev a 2024, lokacin jiki ya riga ya gaji. Kuma tunda lissafi ake so: ku cire duk kofunan Faransa 14, Nadal na da takwas. Adadin Agassi ke nan gaba ɗaya, adadin Connors, adadin Lendl.

Koci Ɗanladi: Abdul ya faɗi gaskiya a nan, kuma ita ce amsar da ta fi ƙarfi a kan Malam. Sai dai akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a ganina ya fi ciyawar tasiri: raket da igiyarsa. Borg da katako ya yi wasa, kan raket ɗin ƙarami, in ba ka buga a tsakiya ba ƙwallo ta tafi inda ta ga dama. Da aka koma raket na zamani mai faɗi, sannan igiyar roba mai tauri ta shigo, wadda Kuerten ya yi suna da ita lokacin da ya ci Faransa a 1997 yana lamba 66 a duniya, sai ya zama mutum na iya zabga ƙwallo da dukan ƙarfinsa ta murɗa ta faɗo cikin fili. Mai rugawa raga ya shiga uku, don ƙwallon a ƙafarsa take sauka. Ko da ba a taɓa ciyawa ba, wannan salon zai sha wuya. Borg da kansa ya dawo a 1991 a Monte Carlo da raket ɗinsa na katako, Jordi Arrese ya fitar da shi a wasan farko.

Hamisu Garwa: Gaisuwa daga Kamaru. Tunda an zo maganar masu rugawa raga, kar a manta Yannick Noah. A Yawunde ya taso, can Arthur Ashe ya gan shi yana yaro a 1971. A 1983 ya doke Wilander ya ci Roland Garros, kuma da kai hari gaban raga ya ci, a jar ƙasa. Abin mamaki, a Wimbledon da ake cewa nan ne gidan irin wasansa, bai taɓa wuce zagaye na uku ba. Don haka wannan rabon da ake yi, wai ciyawa ta masu raga ce, jar ƙasa ta masu layin baya ce, ba kullum yake tafiya daidai ba.

Malam Sabi'u: Malam Hamisu, madalla. A wannan shekarar ta 1983 ɗin ma namu ya yi abin faɗa. Nduka Odizor na Najeriya ya fitar da Guillermo Vilas a zagayen farko a Wimbledon, ya tafi har zagaye na huɗu. Vilas fa, mutumin da ya ci wasa 53 a jere a jar ƙasa a 1977. Irin abin da ciyawar da ke yi wa manya ke nan.

Abdul Nole: Amma Vilas ɗin ya ci Ostareliya sau biyu a kan ciyawa, 1978 da 1979.

Anti Bilki: A shekarun da manya ba sa zuwa. Mun dawo inda muka baro.

Koci Ɗanladi: Akwai filin da ya ɓace ɗungurungum ma, kafet. Shimfiɗa ce ta roba ko zare da ake malalawa a cikin zaure lokacin sanyi, tana da sauri kamar me. McEnroe, Connors, Becker, Lendl duk sun tara kofuna a kanta. Cikin kofi 109 na Connors, da yawa daga nan suka fito. Daga 2009 hukumar ATP mai kula da gasannin maza ta daina amfani da ita a manyan gasanninta. Wato an ɗauke wani ɓangare guda na shekara da mai sabis da raga ke cin abinci a ciki.

Nura Rafa: Koci, gasar Amurka fa? Na ji an ce ita ma ta taɓa zama jar ƙasa.

Koci Ɗanladi: Ƙasa dai, amma koriya, ta niƙaƙƙen dutse, ta ɗan fi ta Faransa sauri. Ciyawa ce tun 1881 har 1974. 'Yan wasa suka yi ta kukan ciyawar Forest Hills ba ta da kyau, sai aka koma koriyar ƙasa daga 1975 zuwa 1977. A 1978 aka tashi zuwa Flushing Meadows aka koma daɓe. Connors ne kaɗai namijin da ya ci gasar a kan duka ukun: 1974, 1976, 1978. Wannan tarihi ba mai sake kafa shi, don ba za a sake samun damar ba. Wilander ma ya ci Ostareliya a ciyawa a 1983 da 1984, ya sake ci a daɓe a 1988.

Malam Sabi'u: To yanzu bari in faɗi inda na dosa tun farko. A wurina babu abin da ya kai na Borg. 1978, 1979, 1980, shekara uku a jere yana cin Faransa ya haye ya ci Wimbledon, a lokacin da filayen biyu suke hannun riga, kuma mako biyu ne kawai tsakaninsu, don sai 2015 aka ƙara ya zama uku. A 1978 ya ci Faris ba a ɗauke masa set ko ɗaya ba, ya yi wa Vilas 6-1, 6-1, 6-3. Bayan wata guda ya yi wa Connors 6-2, 6-2, 6-3 a Landan. A Faris yana layin baya yana ta mayar da ƙwallo har abokin karawa ya gaji, a Landan ya buga sabis ya bi ta raga. Mutum ɗaya, wasa biyu. Nadal ya yi wannan haɗin a 2008 da 2010, Federer a 2009, Djokovic a 2021, Alcaraz a 2024, amma ba wanda ya sauya wasansa kamar yadda Borg ya sauya. Buhun da aka noma a fadama da wanda aka noma a tudu duk buhu ne, amma manomi ya san ba gumi ɗaya aka zubar ba.

Abdul Nole: Baba, Borg ɗin nan sau huɗu ya kai wasan ƙarshe a Amurka, sau huɗu aka doke shi. Na 1976 ma a koriyar ƙasa ne, filin da ya kamata ya zama nasa, Connors ya cinye shi. Bai taɓa cin babban kofi a daɓe ba. In Muster fili ne ya hana shi, to Borg ma fili ya hana shi. Ba za ka yi wa wani uzuri da fili ka ɗaga wani da fili ba.

Malam Sabi'u: Connors da McEnroe ne suka hana shi, a gidansu, gaban mutanensu. Kuma yana da shekara 25 ya buga babbar gasarsa ta ƙarshe. Djokovic a wannan shekarun kofi nawa gare shi?

Abdul Nole: Barin wasa da wuri zaɓinsa ne. Daɗewa ma gwaninta ce. Djokovic yana da shekara 37 ya doke Alcaraz ya ci zinaren Olamfik a 2024, a jar ƙasar Roland Garros.

Anti Bilki: Ku biyun nan ba za ku daidaita ba ko za a kwana. Ni dai abin da na gani, Swiatek da aka yi ta cewa 'yar jar ƙasa ce, mai kofin Faransa huɗu, ita ce ta ci Wimbledon a 2025 da 6-0, 6-0. Malam zai ce hujjarsa ce, Abdul zai ce tasa ce.

Nura Rafa: Koci, tambaya ta ƙarshe kafin caji ya mutu. Hoton nan da ke yawo na Federer a fili shuɗi yana zamewa kamar a jar ƙasa, haɗi ne ko gaske?

Koci Ɗanladi: Gaske ne. Madrid, 2012. Mai gasar, Ion Tiriac, ya rina ƙasar ta koma shuɗiya, wai don a fi ganin ƙwallo a talabijin. Fili ya yi santsi, 'yan wasa suka kasa kafa ƙafa. Verdasco ya fitar da Nadal, Tipsarevic ya fitar da Djokovic, Nadal da Djokovic suka ce in ba a canza ba ba za su dawo ba. Federer ya ci na maza, Serena ta ci na mata. ATP ta hana, shekara ta gaba aka koma ja.

Abdul Nole: Wato Federer na da kofin da ba wanda zai taɓa kamo shi.

Nura Rafa: A rubuta masa, ba ma jayayya. Amma a rubuta kusa da shi cewa a 2008 a Faris 6-1, 6-3, 6-0 Nadal ya yi masa.